Mai Jinya Ma Tana Buƙatar Jinya

A ranar da ake duba yara masu lalurar ƙwaƙwalwa ko jinkirin girma a manyan asibitocinmu, kati ɗaya ake yankewa, kuma sunan yaro ne a kansa. Za a auna nauyinsa, a duba ko wuyansa ya tsaya, a tambaya sau nawa ya yi jijjiga a wannan watan, a rubuta magani, a ba da ranar dawowa. Matar da ta goyo shi tun asuba, ta hau mota biyu ko uku kafin ta iso layi, ba ta cikin lissafin. Ita mai kawo majinyaci ce, mai amsa tambaya, mai karɓar umarni. Da wuya a samu wanda zai dube ta ya ce, “Ke fa, kina samun barci kuwa?” Ra'ayina shi ne wannan tsari yana cutar da yaron da ake cewa ana nema wa sauƙi, domin lafiyar zuciyar uwar tana cikin maganinsa. Duk wani shiri na hukuma, na asibiti ko na dangi da ya kula da yaron ya bar uwarsa a gefe, rabin aiki ya yi, kuma rabin da ya bari shi ne wanda sauran ya dogara a kansa.

Lamarin ya fi ƙarfin a ɗauke shi matsalar gidaje ƙalilan. A 2018 mujallar Lancet Global Health ta buga wani nazari da likitar yara 'yar Najeriya, Bolajoko Olusanya, ta jagoranta, wanda ya ƙiyasta cewa a 2016 yara miliyan 52.9 'yan ƙasa da shekara 5 ne ke ɗauke da irin waɗannan lalurori a duniya, kuma kimanin kashi 95 cikin 100 nasu suna ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fitar a 2023 ya kai adadin yara da matasa zuwa miliyan 317. A Arewa muna da dalilai namu na daban da ke ƙara yawan su. Doguwar naƙuda da ke hana jariri numfashi a mintunan farko, shawarar jarirai da ba a kai asibiti da wuri ba, sanƙarau, da zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, duk suna iya barin tabo a ƙwaƙwalwa har ƙarshen rai. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa a Arewa maso Yamma kimanin haihuwa 16 cikin 100 ce kawai ake yi a asibiti. Gubar dalma da ta ɓulla a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Zamfara a 2010 ta kashe yara aƙalla 400, kuma cikin waɗanda suka rayu akwai waɗanda ta taɓa wa ƙwaƙwalwa. Bayan kowane ɗaya daga cikin waɗannan yara akwai mace da rayuwarta ta sauya hanya daga ranar da abin ya bayyana.

Wanda bai zauna a irin wannan gida ba yakan zaci reno ne kawai da ya ɗan fi na kullum wahala. Reno na kullum yana da iyaka: yaro zai zauna, ya yi rarrafe, a yaye shi, ya bi yayyensa waje, uwa ta samu sararin kanta. Wannan renon ba shi da ranar yaye. Yaron da ke da shanyewar gaɓoɓi saboda rauni a ƙwaƙwalwa yana iya cinye awa guda kafin kofin kunu ya shiga cikinsa, ana yi ana tsoron kada ya shaƙe. Yana kai shekara 8 ko 10 ana goya shi zuwa banɗaki da asibiti, nauyinsa na ƙaruwa, bayan uwarsa na lalacewa. Mai farfaɗiya yana sa uwarsa kwana da kunne ɗaya a buɗe. Mai galahanga, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta ana samun kusan 1 cikin yara 100, yana iya fita da gudu da zarar an bar ƙofa a buɗe, ko ya kwana yana ihu saboda wani abu da ya dame shi wanda ba zai iya faɗa ba. A cikin wannan hali sana'ar cikin gida ce ke fara mutuwa, ko don babu lokaci, ko don masu sayen ƙosai da ɗanwake sun daina aiko yara gidan da suka ji ana cewa akwai mai zubar da miyau. Daga nan sai zuwa biki da suna da gaisuwar mutuwa ya tsaya. Wannan ba ƙaramar asara ba ce ga macen Bahaushe, domin zumuncin mata a ƙafa yake, kuma gudummawa ramawa ake yi. Wadda ta daina zuwa sha'anin mutane, sannu a hankali sai a daina zuwa nata, adashi ya wuce ta, labari ya daina iso ta, ta wayi gari ita kaɗai a lokacin da ta fi buƙatar jama'a.

A kan wannan gajiya ake ɗora mata laifi. Ana cewa ta fita da ciki da almuru, ko ta zuba ruwan zafi a tsakar gida ba bisimilla, ko ta tsallaka abin da bai kamata ba. Ana cewa aljanu ne suka musanya mata jariri, ko ɗan ruwa ta haifa, har a samu masu ba da shawarar a kai shi bakin kogi a ga ko zai koma inda ya fito. Dangin miji kuma suna da jimlar da suka fi so: “Mu dai a zuri'armu babu irin wannan.” Ɗora wa uwa laifi ba mu muka fara ba, kuma jahilci kaɗai ba ya bayyana shi. A Amurka, bayan Leo Kanner ya siffanta galahanga a 1943, masana sun shafe shekaru suna cewa sanyin zuciyar uwa da rashin nuna ƙauna ne ke jawo ta, kuma Bruno Bettelheim ya yaɗa wannan ra'ayi har cikin shekarun 1960. Sai da binciken tagwaye na Susan Folstein da Michael Rutter ya fito a 1977 aka fara yarda cewa gado ne ke da babban kaso, gadon da ke zuwa ta ɓangaren uwa da na uba. Lalurar Down tana faruwa ne saboda ƙarin kwafi ɗaya na ƙwayar halitta ta 21, ba don wani abu da mai ciki ta ci ko ta taka ba. Raunin da doguwar naƙuda ke jawowa kuwa sau da yawa jinkirin zuwa asibiti ne silarsa, kuma a yawancin gidajenmu ba mai naƙuda ce ke riƙe da kuɗin mota ko izinin fita ba. Duk da haka ita ake nuna wa yatsa, har ta kai ga yarda da zargin, ta riƙa bin watannin cikinta ɗaya bayan ɗaya tana neman inda ta yi kuskure.

Abin da wannan ke yi wa zuciya an auna shi. Wani nazari da masana na makarantar koyon kiwon lafiya ta Landan suka buga a 2019, wanda ya tattara bincike daga ƙasashe daban-daban, ya gano cewa kusan kashi ɗaya bisa uku na iyayen yara masu irin wannan lalura suna da alamun ciwon damuwa da suka kai a nemi magani, ninkin abin da ake samu a sauran iyaye sau da dama. A wajenmu mace ba ta zuwa ta ce tana da ciwon damuwa. Cewa take yi kanta yana mata nauyi, ƙirjinta na zafi, jikinta duk ya mutu, abinci ba ya mata daɗi, barci ya ƙaurace mata. Sai ta aika kemis a sayo mata maganin ciwon jiki, ko a auna ta a ce hawan jini ne. Baƙin cikinta kuma ba irin na rasuwa ba ne da ake zaman makoki a watse. Yana dawowa ne a kowace gaɓa: ranar da sa'o'in ɗanta suka fara tafiya, ranar da aka ɗinka musu kayan makaranta, ranar saukarsu, ranar da aka kai ƙanwarsa ɗakin miji. Sannan ga tambayar da kusan kowace uwa a wannan hali take kwana da ita, wadda ba ta iya yi wa kowa: idan ta riga shi mutuwa, wa zai riƙe shi, kuma yaya za a riƙe shi?

A nan ne hujjar take da ƙarfi ko ga wanda yaron kaɗai ya dama. Mako yana da awa 168. Yaron da ya yi sa'a ƙwarai yana ganin mai gashin ƙashi ko mai koyar da magana awa ɗaya a mako, da yawa kuma sai wata-wata, wasu ko sau ɗaya ba su taɓa gani ba. Sauran lokacin duka a hannun uwa yake. Ita ce za ta miƙar da gaɓoɓin safe da yamma don kada su ƙage, ita za ta zaunar da shi daidai lokacin ci don kada abinci ya bi hanyar numfashi, ita za ta ba da maganin farfaɗiya a kan lokaci ba fashi, ita za ta maimaita kalma ɗaya sau ɗari har wata rana ya kama. Wannan aiki yana son natsuwa da fata, su ne kuwa abubuwan farko da ciwon damuwa ke cinyewa. Binciken da Atif Rahman ya yi a karkarar Rawalpindi ta Pakistan ya nuna cewa jariran da iyayensu mata ke fama da ciwon damuwa sun fi rama da yawan gudawa, ko da an yi la'akari da talaucin gidan. Idan haka ne ga lafiyayyen jariri, ina ga wanda ko juyi ba ya iya yi sai an juya shi? Idan aka ji labarin an ɗaure yaro a turke ko an kulle shi a ɗaki, kamar irin abin da ƙungiyar Human Rights Watch ta bayyana game da ɗaure masu taɓin hankali a Najeriya a 2019, kowa yakan yi Allah wadai, kuma ya dace a yi. Amma sau da yawa igiyar tana zuwa ne a ƙarshen shekarun da mace ɗaya ta yi ba mai karɓar ta ko na awa guda. Wanda ke son kada a kai ga igiya, sai ya shiga gidan tun kafin matar ta ƙare.

Za a ce mu masu imani ne, ƙaddara ce, haƙuri da addu'a sun ishe ta, maganar ciwon damuwa kuwa ta Turawa ce. Babu mai musun cewa imani yana riƙe mata da yawa da ba don shi ba da sun faɗi, kuma uwar da ta ɗauki ɗanta amana daga Allah tana da abin dogaro da babu likitan da zai ba ta. Matsalar tana wajen masu faɗin “ki yi haƙuri, lada za ki samu” sannan su kama hanyarsu. Nasiha irin wannan ba ta cin kuɗi ko lokaci, tana kuma rufe bakin wadda aka yi wa, domin idan ta ƙara kokawa za a ce ta kasa karɓar ƙaddara. Addinin da ake jingina da shi bai koyar da haka ba. Alƙur'ani ya ba da labarin Annabi Yaƙubu, wanda baƙin cikin rabuwa da ɗansa ya kai ga idanunsa sun yi fari, kuma ba a cire shi daga masu haƙuri ba. Neman magani umarni ne, duba marar lafiya haƙƙi ne, taimakon maƙwabci wajibi ne, kuma malamai sun sani cewa abin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya yana komawa kan al'umma. Ladan da ake yi wa uwar albishir da shi bai ƙare ba, akwai saura ga duk wanda zai karɓi yaron ta yi barcin rana. Shi kuwa ciwon damuwa ba ya tambayar addinin mutum, kamar yadda ciwon suga ba ya tambaya, kuma mai yawan ibada ma yana kamuwa da shi.

Za a kuma ce ai muna da dangi, ba kamar Turai ba inda kowa ke ta kansa. Gidan gandu ya taɓa ɗaukar irin wannan nauyi, inda akwai kaka da gwaggo da matan 'yan'uwa a tsakar gida ɗaya. Amma matar da ke ɗakin haya a Kurna ko Rigasa, ko wadda rikici ya kora zuwa sansanin gudun hijira a Maiduguri, ba ta da wannan gatan. Ko a inda dangin suke, yaron da ake yi wa kallon abin kunya ko abin tsoro ba ya samun masu rububin ɗauka. Ba a neman riƙonsa kamar yadda ake neman na 'yan'uwansa, kuma mai ciki a gidan tana iya guje masa don an ce kallonsa na shafar abin da ke cikinta. Sau da yawa ma dangin ne ke zuga miji ya ƙara aure ko ya sallame ta, ta koma gidan iyayenta da yaron da babu wani sabon miji da zai yarda ta zo da shi. A nan ya kamata alƙalai da malamai su yi magana da babbar murya. A fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu, har cikin Risala, ciyar da ɗa namiji yana kan uba har ya balaga, idan kuma ya balaga da naƙasar da ta hana shi nema, nauyin bai sauka ba. Gaskiya ne akwai iyaye maza da ke shan wahala, masu sayar da gona da babur don neman magani, kuma su ma ba su da wanda za su gaya wa damuwarsu. Wannan dalili ne na jawo su ciki. Uban da aka zaunar aka yi masa bayanin lalurar daga bakin likita, aka nuna masa yadda ake ɗaukar yaron da ciyar da shi, ya fi kowa iya tsayawa tsakanin matarsa da maganganun danginsa.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta kuɗi da ma'aikata. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba ga mutane fiye da miliyan 200, kuma suna ta ficewa ƙasashen waje. Asibitocin da suka ƙware a fannin, irin na Barnawa a Kaduna, na Kware a Sakkwato, na Maiduguri da na Dawanau a Kano, sun yi wa yawancin ƙauyuka nisa. Fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun mutane yake fita, kuma kasafin lafiya na tarayya bai taɓa kusantar kashi 15 da shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja a 2001 ba. A ƙasar da tamowa da ƙyanda ke kashe yara, wa zai ware kuɗi don sauraron damuwar uwa? Amsar ita ce an gwada a wuraren da ba su fi mu wadata ba, kuma ba da likitoci aka yi ba. A Pakistan an horar da matan da ke aikin lafiya gida-gida su riƙa tattaunawa da masu ciki da masu jego da ke fama da ciwon damuwa bisa wani tsari mai sauƙi. Sakamakon da aka buga a 2008 ya nuna cewa bayan wata 6, kashi 23 cikin 100 na matan da aka yi wa haka ne ke da sauran ciwon, alhali a rukunin da ba a yi wa haka ba kashi 53 ne. A Zimbabuwe, Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a kan benci a harabar asibitin unguwa suna sauraron masu damuwa suna taya su warware matsala ɗaya bayan ɗaya, kuma gwajin da aka buga a 2016 ya tabbatar da amfanin hakan. A nan gida, Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan ya nuna cewa ma'aikatan ƙananan asibitoci a Jihar Oyo suna iya gano ciwon damuwa su kula da shi idan an horar da su ana kuma bibiyar aikinsu.

Akwai ma shirye-shiryen da aka tsara musamman don waɗannan iyaye. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da wani horo na masu renon yara 'yan shekara 2 zuwa 9 da ke da jinkirin girma, wanda ya ƙunshi zama 9 a rukuni da ziyarar gida 3, kuma waɗanda ba likitoci ba ne ke gudanar da shi. An gwada shi a Habasha, a birnin Addis Ababa da karkarar Butajira, da kuma Kenya. Ana koya wa uwa yadda za ta mayar da wanka da cin abinci da wasa su zama darasi, yadda za ta gane abin da yaron da ba ya magana yake nufi, da yadda za ta kula da kanta. A Ghana an haɗa iyayen yara masu shanyewar gaɓoɓi rukuni-rukuni suna haɗuwa wata-wata na kusan shekara guda, kuma binciken da ya biyo baya ya nuna rayuwar masu renon ta inganta, sun ƙara fahimtar lalurar, sun rage zargin kansu. Abin da rukuni ke bayarwa babu ƙwararren da zai iya bayarwa: mace ta ga wata mai irin ɗanta, ta faɗi abin da ba ta taɓa faɗa ba, har da cewa wani lokaci takan ji ta gaji da yaron, ba tare da an zare mata ido ba. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, in ji Hausawa, balle ciwon da iri ɗaya ne. Sai dai binciken na Ghana ya nuna wani abu da bai kamata a ɓoye ba, wato rashin abinci mai gina jiki a tsakanin yaran bai ragu ba. Zama da tattaunawa suna sauƙaƙa zuciya, amma ba sa cika tukunya, don haka tallafin zuciya da na aljihu tare za su tafi.

Mu kuwa muna da hanyoyin da za a bi a isa ga waɗannan mata ba tare da an gina sabon ofis ba. Yaƙin da aka yi da shan inna, har aka tabbatar a watan Agustan 2020 cewa Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta daji, ya bar dubban mata a Arewa da suka san kowane lungu, suka saba shiga gidajen da namiji ba ya shiga. Su da ma'aikatan lafiya na unguwa za a iya koya musu gane yaron da ya makara wajen zama ko magana, da uwar da ta fara durƙushewa. Makarantun Islamiyya na matan aure wuri ne da miji ba ya hana zuwa, kuma aji ɗaya a mako zai ishi rukunin iyaye. Ƙungiyar FOMWAN, wadda aka kafa a 1985, tana da rassa a jihohi, Zumuntar Mata a coci-coci ma haka. Gidajen rediyo, waɗanda mata ke saurare suna aiki, suna iya ba da fili inda likita da malami za su zauna tare su ce wa jama'a babu yaron da aljani ya musanya. Abin da ya fi komai ƙaranci shi ne hutu. Ɗaki ɗaya a unguwa inda mata biyu da aka horar za su riƙe yara biyar ko shida daga safe zuwa azahar, kwana biyu a mako, zai ba uwa damar zuwa kasuwa, ganin likita don kanta, ko barci kawai. Hukumomin zakka da waƙafi, irin ta Kano da ta Sakkwato, da attajiran da ke gina masallaci kusa da masallaci, ga inda dukiyarsu za ta yi aikin da ake gani.

Hukuma ma ba ta da uzurin rashin doka. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wariya ga masu naƙasa, wadda ta tanadi ilimi kyauta har sakandare, ta kuma kai ga kafa hukumar kula da masu naƙasa ta ƙasa. A Janairun 2023 ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta tanadi asusu don marasa galihu. Abin da ya rage shi ne a sa mai reno a cikin waɗanda waɗannan dokoki ke nufi. A sa yaron da uwarsa tare a inshorar jiha. A tabbatar maganin farfaɗiya yana samuwa a ƙananan asibitoci da araha, domin yankewarsa na mayar da aikin watanni baya. A buɗe azuzuwa a makarantun gwamnati na unguwa, tunda makarantu na musamman irin ta Tudun Maliki a Kano ba za su ɗauke kowa ba, kuma kowace awa da yaro ya yi a aji hutu ce ga uwarsa. A asibiti kuma a gyara yadda ake sanar da iyaye. A kira uba da uwa tare, a faɗa musu sunan lalurar da Hausa, a gaya musu gaskiya cewa ba ta warkewa gaba ɗaya amma yaron zai iya ci gaba, a kuma faɗa a gaban mijin cewa ba laifin matarsa ba ne. Iyayen da aka sallama da “zai yi daidai” su ne ke faɗawa hannun masu sayar da maganin ƙarya, su ƙarar da abin hannunsu, su dawo da yaron da ya rasa shekarun da horo ya fi kama shi.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar na'ura daga waje. Kwamishinan lafiya yana iya ba da umarni gobe cewa duk ma'aikacin da ya duba yaro mai irin wannan lalura ya yi wa uwar tambaya biyu ko uku game da barcinta, cinta da halin zuciyarta, ya rubuta amsar, ya san inda zai tura ta. Limami yana iya ware huɗuba ɗaya ya yi bayanin haƙƙin waɗannan yara a kan ubanninsu da haramcin jifan iyayensu mata da zargi. Mai unguwa ya san gidajen, maƙwabciya ta san ƙofar. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma mun bar dubban mata suna ɗauka su kaɗai shekara da shekaru, muna yaba haƙurinsu daga nesa. Jihar da ke son sanin ko tana kula da yara masu lalura, ta ƙirga iyaye mata nawa ne aka duba lafiyarsu a bara, nawa ne ke cikin rukunin tallafi, nawa ne kuma ke da wurin da za su ajiye ɗansu na rabin yini. Idan babu wanda ke riƙe da waɗannan alƙaluma a ma'aikatar lafiya ko ta mata, to daga nan aikin zai fara.